Rigar Aro a Aliero

Tun ban gama ba aka raɗa mini sunan.
Daga tashar Jega har bakin ƙofar makaranta,
"Injiniya, an tashi lafiya?" "Injiniya, ya karatu?"
Ina amsawa kamar mai sanye da rigar aro,
ina waige kada mai ita ya gan ni a kasuwa.

Shekara huɗu ke nan ina zana inji a takarda.
Na san zafin da ƙarfe ke kaiwa ya sallama,
na san lissafin kowane haƙorin giya,
amma injin gwajin da ke ɗakin aikinmu
tun ina aji ɗaya yake lulluɓe da tamfol,
gizo-gizo ya fi mu sanin cikinsa.
Malam Dantani yakan dafa shi
kamar wanda ya zo dubiya,
ya ce, "Ku ɗauka yana juyawa. Ku rubuta abin da kuka gani."
Muka rubuta.
Na ci saba'in da biyu.

Daren jiya aka ɗauke wuta,
kwamfutar Zayyanu da na aro ta yi ƙifta biyu ta mutu
da zanen kwana uku a cikinta.
Na fita waje don kada in yi ashar.
Gari duk warin albasa,
ana loda buhuna a tirela mai zuwa Kudu,
'yan dako na ƙirga kuɗinsu a hasken fitilar mota.
Na tsaya ina taya su a zuci.
Na fi su iya lissafi,
sun fi ni abin lissafawa.

Nafi'u ya gama bara waccan, shi ne zakaran ajinsu.
Yanzu rumfa gare shi a Jega, cajin waya da cirar kuɗi,
takardar shaidarsa na cikin leda ƙarƙashin katifa.
In na je yakan ce cajina kyauta ne,
mu yi ta hirar ƙwallo, ba ma haɗa ido.
Duk sanarwar aikin da na buɗe
ƙwarewar shekara biyar take nema.
A wace kasuwa ake aunata? Nawa ne mudu?

Hutun da ya wuce injin ban-ruwan Baba ya tsaya
a fadamar Bunza, shinkafa ta fara murɗe ganye.
"Ai ga injiniya a gida," in ji Inna Kulu.
Na kwance shi gaban mutum bakwai.
Na san sunan kowane ƙarfe da Turanci,
ba wanda ya amsa kirana.
Sai ga Manu bakanike a kan tsohon babur,
ya kara kunne, ya zuƙi fetur ya tofar,
ya hura wani ɗan rami da ban lura da shi ba,
ya ja igiya sau ɗaya.
Ruwa ya yi tsalle.

A hanyar gida Baba ya ce,
"Kai naka na manyan injuna ne, ba irin wannan ba."
Da zagina ya yi, da na yi barci a daren.

Garin nan garin masu ɗori ne.
Na taɓa kallon wani tsoho yana laluben ƙafar yaro,
idonsa a rufe, yatsunsa na karatu.

To, ranar Asabar ina bayan tasha, rumfar Usta Bagudu,
ina wanke noti a gwangwanin fetur.
Can ba mai ce mini Injiniya.
"Kai, ɗan boko, miƙo sha biyu!"
Sau biyu ina miƙa sha huɗu.

Ban san inda zan kai takarduna baɗi ba,
ban san ko wani zai buɗe ambulan ɗin ba.
Yau dai a jarrabawa Malam Dantani ya ɗaga takardata,
ya dubi shatin baƙin mai na babban yatsana a gefenta,
ya shinshina,
ya dube ni,
ya sa ta a saman sauran.